Ranar da Sakan Ya Zauna

Mahaifinsa ne ya laƙaba masa sunan. Baba mai gyaran agogo ne, kuma tun yaron yana rarrafe ya lura cewa a cikin 'ya'yansa akwai wanda ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai ya ce wannan ai hannun sakan ne, na awa da na minti suna tafiya a hankali shi yana ta zagaye. Sunan ya bi shi firamare, ya bi shi jami'a, har ya zama dakta a fannin lissafi, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma a gida ba mai kiransa da komai sai Sakan. Sunan kuwa bai zalunce shi ba. A tsaye yake cin abinci. In yana waya sai ya zaga falo, ya fita ƙofar gida, ya dawo. A taron malamai in dole ta sa ya zauna, ƙafarsa ke karkarwa a ƙarƙashin tebur har ruwan kofin na kusa da shi ya riƙa rawa. Matarsa ta ce a duk kujerun gidan tasa ce kaɗai har yau take sabuwa.

In dangi suka tambaye shi aikinsa, cewa yake yana koyar da lissafi, ya yi maza ya canza magana. Gaskiyar ita ce yana bincike a kan abin da masu aljabara ke kira rukuni. Rukuni tarin motsi ne: ka yi ɗaya ka bi shi da wani, abin da ya fito ma yana cikin tarin, kuma kowane motsi yana da wanda ke warware shi. A kan teburin Baba ya fara ganin abin tun bai san yana da suna ba. Ka murza hannun agogo gaba, ka ƙara murzawa, duk dai murzawa ce, in kuma ka mayar da shi baya ka dawo inda ka taso.

Wani rukunin yakan yi girman da ba mai iya kallonsa gaba ɗaya. Don haka sai a ɗebi 'yan kaɗan daga ciki, a yi ta haɗa su a ga abin da suke haifarwa. In kowace ɗiba ta nuna hali iri ɗaya, sai a ce rukunin yana da halin nan a kusa-kusa. Tambayar da ta ci wa Sakan ƙuruciya ita ce ko abin da aka gani a kusa-kusa shi ne halin rukunin baki ɗaya. Wani halin yana hayewa, wani kuwa ba ya hayewa ko kusa, kuma da wannan yake kama sababbin ɗalibai duk shekara, yana jin daɗin kama su, Allah ya yafe masa. Sai ya zana agogo a allo ya ce a murza hannun rabin zagaye, a kuma murza sulusi. Agogo mai ɗigo shida ya ishi waɗannan biyun, duk yadda ka haɗa su a kan ɗigo za ka sauka. In an ƙara ɗaya bisa biyar, mai ɗigo talatin ya isa. Duk ɗibar da ka yi, akwai agogon da zai ɗauke ta ya rufe. Sai ya tambaya ko ke nan akwai agogo ɗaya da zai ɗauki dukkan murɗe-murɗen nan, ɗalibai su ce ƙwarai, shi kuwa ya yi dariya yana zagaye ajin, alli har a kunnensa, ya nuna musu babu shi, ɗigon ba zai taɓa ƙarewa ba. Kowane yanki lafiyarsa ƙalau, ya cika ya rufe, gaba ɗayan kuwa wani abu ne dabam.

Ƙanwarsa Auta a cibiyar binciken lafiya take aiki, kuma ita ma ba ta da zama, sai dai nata rashin zaman na aiki ne. Bana tana kiwon sauro a keji tana duba wane magani ya daina kashe su, baɗi an mayar da ita kan ciwon sukari, kafin ka saba da wannan ta koma kan ƙwayoyin cutar da suka raina allura. Rigarta fara kullum da tabon wani ruwa mai launi a aljihu. Tsakaninta da Sakan tsiya ce tun suna yara. Ta ce aikinsa ko ciwon kai bai taɓa warkarwa ba, shi kuma ya ce ai ita renon sauro aka ɗauke ta. Amma in ka duba, sana'arsu ɗaya ce. Ita ta ɗebi ɗigon jini ta faɗi halin jiki, shi ya ɗebi 'yan motsi ya faɗi halin rukuni, kuma dukansu biyu sun yarda da ɗiba fiye da yadda suka yarda da bakin mutane.

Babbarsu ita ce Yaya. Ta yi aikin koyarwa har ta yi ritaya, kuma a gidan an san ta da hango masifa tun daga nesa. In yaro ya yi tari sau ɗaya, a wurinta huhu ya tafi. Saboda haka ba a cika ɗaukar kukanta da nauyi ba, kuma ta san da haka, abin yana mata ciwo.

Baba yana zaune shi kaɗai a ɗakin da ke bayan shagonsa. Shago ne siriri a bakin titi kusa da inda motocin haya ke tsayawa, bangonsa cike da agogo, teburin aiki a jikin taga don haske, da benci ɗaya na masu jira. Bayan rasuwar mamansu, ranar da baƙi suka watse, Sakan ya zo sallama, ƙafarsa ɗaya ta riga ta fita waje, Baba ya kama wuyan hannunsa kamar zai cire masa agogo.

"Kai zan gaya wa, don matan nan tausayi zai rinjaye su. Kada ka bari a ɗauke ni daga nan. A shagon nan nake so a zo a same ni."

Sakan ya ce ya yi alkawari. Bai ji nauyin maganar ba a lokacin, don Baba yana da ƙarfinsa, idonsa na ganin ƙusar da ta fi ƙwayar yashi ƙanƙanta.

Suka raba zuwa a tsakaninsu. Auta takan biyo da safe kafin ta wuce aiki, ta auna masa hawan jini, ta duba ƙwayoyinsa, ta yi gaba. Sakan yakan leƙo tsakanin darasi da darasi, ya sha shayi a tsaye, Baba ya ba shi labari, ya ajiye kofi ya fice. Yaya ce mai kawo abinci, kuma ita ce ta fara cewa akwai matsala. Ta tarar da butar shayi ta ƙone ƙurmus a kan risho. Ta tarar da abincin jiya ba a taɓa ba, Baba kuma ya rantse ya ci ya ƙoshi. Mai shagon takalma na gefe ya gaya mata wani lokacin da tsakar rana tsohon yakan rufe shago ya yi sallama, can kuma ya sake buɗewa yana gaishe su da kwana. Ta ce ta gyara masa ɗaki a gidanta, a ɗauko shi kafin wuta ta tashi da shi.

Auta ta ce a bi abin a ilmance. Ta ɗebi jini, ta duba sukari, ta duba ƙoda da hanta, ta kai shi aka saurari zuciya. Komai ya fito tas. Hawan jinin ma da ya daɗe yana ba su wahala ya sauka, wasu ranakun har ya yi ƙasa sosai, ta riƙa yabon sabon maganin. Likitan da ya gan shi ya tambaye shi ƙarfe nawa, Baba ya faɗa masa, ya ƙara da cewa agogon bangon ofishin yana latti, a kawo masa shi shago. Aka yi dariya aka sallame su.

Sakan ya tsaya kai da fata. Ya ce shi yana ganin Baba kusan kullum, bai taɓa jin ya yi magana ba kan gado ba. Auta ta gan shi lafiya, likita ya gan shi lafiya, masu kawo gyara suna ganinsa lafiya, to ina ciwon yake? Yana maganar yana zaga falon Yaya, ya ɗauki wannan ya ajiye, ya gyara labulen da ba abin da ya same shi. A ransa kuwa tsoro ne fal. Ya san in Yaya ta yi gaskiya, shi ne zai je ya kalli idon Baba ya karya abin da ya ɗauka.

Yaya ta bar shi ya gama zagayensa, sannan ta ce, "Ka je ka wuni. Ba leƙe ba, wuni, tun safe har rana ta yi sanyi. In ka wuni ka dawo ka ce min lafiyarsa ƙalau, na bar maganar nan har abada."

Auta ta tuntsire da dariya, ta ce gara a ce ya ɗauki shagon a ka, zai fi masa sauƙi.

Ranar da ba shi da aji ya tafi, da damin takardun jarrabawa a hammata don ya sami abin fakewa. Baba ya yi murna. Ya ɗora buta, ya ɓallo ƙwayar hawan jininsa ya haɗiya, ya zuba shayi, ya ce wa Sakan ya sha kafin ya tashi don ya san ba ya zama. Ya ba shi labarin mutumin da ya taɓa kawo agogon bango wai aljanu sun shiga ciki, da aka buɗe sai ga tsaka ta yi gida a bayan ƙafafun injin. Suka yi dariya. Sannan Baba ya maƙala gilashinsa a ido ɗaya, ya buɗe wani agogon hannu, ya goge cikinsa da ɗan burushi, ya ɗiga mai da bakin allura, ya rufe, ya kara a kunne. Hannunsa ko gezau. Sakan ya ji sanyi a ransa, har ya fara shirya maganar da zai yaɓa wa Yaya.

Daidai nan ne kullum yake ajiye kofi ya tafi, kuma ƙafafunsa sun san da haka. Suka kai shi bakin ƙofa ba da shawararsa ba. Ya tsaya yana kallon motoci suna sauke mutane suna ɗiba, jikinsa duk yana ƙaiƙayin ya bi ɗaya. Da ƙyar ya juyo ya zauna a benci, ya buɗe takardar wani ɗalibi, ya karanta layi ɗaya ya sake karantawa bai fahimci komai ba. Agogunan bango suna ta ƙas-ƙas, kowanne da muryarsa, bai taɓa sanin suna da surutu haka ba.

Baba ya ɗago kai, ya cire gilashin, fuskarsa ta washe.

"A'a, Sakan, yanzu ka shigo? Bari in ɗora maka shayi, na san ba ka zama."

Ya ɗora buta. Ya ba shi labarin tsaka, bai rage ko kalma ba, ya yi dariya a daidai inda ya yi ɗazu. Ya jawo agogon hannun nan dai da ya gama, ya buɗe, ya goge, ya ɗiga mai, ya kara a kunne. Sakan ya ce a ransa tsufa ne, kowane tsoho yana maimaita labari. Wata mata ta shigo canjin batir, Baba ya canza mata cikin ƙiftawar ido, ya tsokane ta cewa agogon ya fi mai shi kiyaye lokaci, ta fita tana dariya. In an tare ta a hanya aka tambaye ta, za ta rantse tsohon nan ya fi matasa hankali, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Da ta fita, Baba ya miƙa hannu ya ɗauko kwalin ƙwaya ya ɓallo ɗaya. Sakan ya yi tsalle ya riƙe hannun, ya ce ai ya sha ɗazu. Baba ya dube shi da mamaki, ya ce ta safe ce, bai sha ba, Auta ta ce kada ya kuskura ya tsallake. Bai yi faɗa ba, ya saki kwalin, ya ce yaran zamani sun fi iyayensu sanin cikinsu. Sakan ya jefa kwalin a aljihu. Yana juyawa ya ji ƙauri, butar da aka ɗora ta ƙafe tana hayaƙi. Ya kashe rishon.

Ya fita titi ya kira Auta, yana kai da komo tsakanin shagon takalma da sandar lantarki. Ya gaya mata abin da ya gani. Yana jin ƙugin injin sanyaya jini a bayanta.

"Shi ya sa hawan jinin yake sauka," ta ce a hankali. "Ni kuma ina ta murna, na zaci maganin ne ke aiki. Kullum da safe nake zuwa, Yayana. Ban taɓa ganinsa da rana ba."

Ya koma ciki. Wunin ya ci gaba a haka, guntu-guntu. Kowane guntu yana farawa da murnar ganinsa, ya bi ta kan shayi da labari da agogo, ya rufe tsaf ba kuskure ko ɗaya a ciki. Sai dai ba guntun da ya san da na bayansa. Da tsakar rana Baba ya dubi bango ya faɗi lokaci daidai, sannan ya ce yamma ta yi bari ya rufe. Sakan ya lallaɓa shi ya ci abincin da Yaya ta aiko, ya ci kamar wanda ya kwana biyu bai ci ba, wataƙila kuwa hakan ne.

Kunya ta kama Sakan irin wadda bai taɓa ji ba. Shekara da shekaru yana yi wa 'ya'yan mutane dariya a aji saboda sun ga kowane yanki ya cika sun ce gaba ɗayan ma ya cika. Ga shi da furfurarsa ya tattara leƙensa da awon Auta da gaisuwar masu batir, ya haɗa ya ce Baba lafiya. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Tsawon shan kofin shayi ɗaya Baba yana nan daram, kuma tsawon nan ne kaɗai Sakan ya taɓa ba shi.

Da rana ta karkata, haske ya bar teburin aiki ya hau bango. Takardun jarrabawa suna nan yadda ya zo da su. Ya gaji da tashi da zama, ya gaji da leƙa ƙofa, ya zube a benci, ƙafar ma ta yi shiru don kanta. Baba ya daɗe yana kallonsa ta saman gilashi. Da ya yi magana, muryar ta dā ce, wadda yake yi musu faɗa da ita suna yara.

"Tun kana rarrafe ban taɓa ganin ka zauna haka ba. Ga kofuna nan birjik a gabanka, ni kuma guda ɗaya na tuna na zuba." Ya ajiye hantsakin da ke hannunsa. "Abin ya kai haka ne?"

Sakan ya so ya ce a'a. Ya buɗe baki, ya ga idon da ke kallonsa, ya ce ya kai, Baba. Ya gaya masa na ƙwaya, ya gaya masa na risho, ya gaya masa Yaya ta gyara ɗaki.

Baba ya juya ya bi agogunan bango da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ya daɗe yana jin kamar ana yanke masa rana da almakashi, yana tsintar kansa a tsakiyar abu bai san farkonsa ba, amma ya yi ta ɓoyewa don ya iya ɓoyewar. Sannan ya miƙo hannu ya kama wuyan hannun ɗansa, wurin da ya kama a wancan karon.

"Na sauke maka alkawarin nan. Ni na ɗora maka, ni na sauke. Ka gaya wa yayarka ta zo. Teburin nan kawai za ku tafi min da shi, a sa shi jikin taga."

Sakan ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takardar ɗalibin da ke cinyarsa, tawadar ta baje. Baba ya ce ya isa haka, namiji da gemu. Ya tashi ya shiga ɗakin baya wanke fuska, Sakan yana jin ƙarar ruwa a bokiti. Sakan ya ciro waya, ya nemo lambar Yaya, ya tsaya yana kallonta. Wani sauƙi ya sauko masa, har ya ji kunyar sauƙin.

Labule ya motsa. Baba ya fito yana goge fuska da tawul, ya gan shi, fuskarsa ta washe.

"A'a, Sakan, yanzu ka shigo? Bari in ɗora maka shayi." Ya ɗauki buta, ya tsaya, ya rage murya kamar mai tsoron a ji. "Yayarka tana ta zancen wai in koma gidanta. Kai na riƙe. Kana sane da alkawarinmu ko?"

Ba kowa a shagon sai su biyu da agogunan bango. Baban da ya sauke masa alkawarin ya shiga ɗakin baya bai fito ba, wanda ya fito bai san an yi ba, kuma Sakan ya san ko gobe in mota ta zo, wannan ne za a ɗauka, wanda zai dube shi ta tagar mota yana jiran ya hana.

"Ina sane, Baba," ya ce.

Ya karɓi butar daga hannunsa ya ɗora da kansa, ya tsaya a kanta har ta tafasa, ya kashe wutar. Baba ya fara labarin tsaka. Sakan ya koma benci ya zauna, ya saurara har ƙarshe, ya yi dariya a inda ake dariya, sannan ya danna lambar Yaya.